Ƙugiyar Sunan Baba Ɗanladi

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidan Baba Ɗanladi, yayan babanku, don maganar ƙauye ba ta kwana biyu ba ta biyo motar kasuwa ta iso Funtua ba. Ana cewa ni na goge sunansa daga takardar masu karɓar irin masara, saboda haushin wata magana da ya taɓa gaya mini. Kun girma kuna jin wannan a wajen biki da wajen makoki, kuma babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya, ko don kuna tsoron amsar. To ga amsar. Hannuna ne ya goge sunan, wannan ba ƙarya ba ne. Amma yadda aka yi ya goge shi, sai da na yi sati biyu ina nema, kuma har yau in na tuna, mamaki ya fi baƙin ciki yawa a raina.

Sai na fara da Malama Hannatu, wadda ta koya mana buga tafireta a makarantar mishan. Tafiretocin duk na Turawa ne, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Yawancin akawuna ba su damu ba, su buga d da k su wuce. Ita kam ba ta yarda da wannan ba. Ta koya mana mu buga harafin, mu danna maɓallin komawa baya, sa'an nan mu buga ɗan waƙafin nan na sama, ya sauka a kan harafin ya zama ƙugiya. Bugu uku ke nan a kan harafi ɗaya. Ranar da na buga mata "baki sun iso" a maimakon "baƙi sun iso", ta ɗaga takardar a gaban aji ta tambaye ni ko da leɓe suka zo ko sun baro shi a gida. Aka yi mini dariya har aka tashi. Tun daga ranar yatsana ya riƙe abin, harafi, baya, ƙugiya, ko ina hira da wani ba na kuskurewa.

Da wannan hannun na sami aiki a ofishin aikin gona na Funtua, shekaru kaɗan kafin a raba mu da Kaduna. Babanku, wanda ke koyarwa a firamare, ya yi murna. Yayansa bai yi ba. Baba Ɗanladi shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanku, manomi ne na gasken gaske a ƙauyenmu na bayan Malumfashi, bai yi boko ba, kuma bai ga dalilin da matar gidansu za ta wuni cikin maza tana ƙwanƙwasa ƙarfe ba. Ya faɗi haka ranar wata Lahadi, a tsakar gida, gaban kowa.

"Mi takarda ta taɓa nomawa, Rifkatu? Ki nuna mani dami ɗaya da ya fito daga ofis."

Ni kuma kun san bakina, ba yau ya fara ba.

"Yaya, ka bi ni a hankali. Wata rana sunanka zai biyo ta hannuna."

Da wasa na faɗa, har matansa da 'ya'yansa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ta dawo ta same ni.

A shekarata ta uku a ofishin aka kawo mana kwamfuta. Ba irin ta hannunku ba. Babban inji ne kamar kabad biyu, aka ware masa ɗaki mai sanyi, mu kuma muna ta fifita da fayil a waje. Mai kula da shi Malam Sule ne, wani siririn mutum da ya yi karatu a Zariya, mai son a tambaye shi abu. Ni kuwa tambaya ce abincina. Aka ajiye mini abin da yake kira taminal, wato wata tafireta da aka ja mata waya zuwa babban injin. Ba ta da allo, duk abin da na danna yana fitowa a doguwar takarda mai huji a gefe, kuma injin yana riƙe shi a cikinsa. Abu na farko da ya nuna mini shi ne wani maɓalli a kusurwa, an rubuta DEL a kansa.

"In kin yi kuskure, Malama, wannan za ki danna. Shi ne mai gogewa."

"Wannan mai kibiyar fa, mai kallon hagu?"

"Bar shi kawai. Ba ya yi mana komai."

Ba a gaya mini haka in bar abu. Yana juya baya na gwada. Na buga D, na danna mai kibiyar, kan injin ya koma baya taki ɗaya kamar na tsohuwar tafiretata, na buga waƙafin, sai ga Ɗ a takarda, fes. Na sa injin ya sake fito da abin da na rubuta, ƙugiyar ta sake fitowa. Daɗin da na ji ranar ba zan iya kwatanta muku ba. Ina ganin ni kaɗai na gano cewa Turawan da suka ƙera abin nan sun bar wa Hausa ƙofa ba su sani ba. Ban gaya wa Malam Sule ba, don ina so ya gani da idonsa ya yaba.

Aikin da aka ba ni shi ne sunayen manoman da suka rubuta kansu don sabon irin masara mai saurin nuna. Na yi makonni ina bugawa, kowane Ɗahiru da Ƙasimu da Baƙo na ba shi ƙugiyarsa. Da na zo kan Ɗanladi na ƙauyenmu har murmushi na yi, na ce ashe mai zagin takarda ya bi layi. Manaja ya duba takardun ya ce bai taɓa ganin Hausa ta fito da kyau haka daga inji ba.

Rabon irin kuwa a siton Malumfashi za a yi shi. Aka sayo wa siton ƙaramar kwamfuta mai allo, ta wani kamfani dabam. Malam Sule ya haɗa ta da babban injin da waya, ya juye mata sunayen a yini ɗaya, kamar wani ne ya zauna yana buga mata su da sauri. Aka sa ta a motar ofis aka kai. A can ita ta jera sunayen daga A zuwa Z, ta buga wa akawun siton, Malam Haruna, tasa takardar.

Ruwan farko ya sauka, aka yi rabo. Baba Ɗanladi ya riga ya share babbar gonarsa ta fadama, ya zuba mata takin shanu, bai ajiye mata wani iri ba. Ya tura kekensa tun da safe ya bi layi har rana ta take. Da ya iso gaban tebur, Malam Haruna ya bi D da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, ya ce babu. Yaya ya ce a sake dubawa, aka ce ya matsa, akwai mutane a baya. Abin da ya yi saura aka ba waɗanda ke jiran tsammani daga wasu ƙauyuka. Ya koma gida da buhunsa a naɗe.

Babanku ne ya kawo mini labarin, ya dawo daga ƙauye ko ruwa bai sha ba.

"Yaya ya ce in gaya miki sunan nasa ya biyo ta hannunki, ya gani."

Washegari na sa babban injin ya fito da sunayen ƙauyenmu. Ga shi nan, Ɗanladi, da ƙugiyarsa. Na yage wurin na ba babanku ya kai. Baban naku kuma da ya ga haka sai ya yanke hukunci da kansa, ya ce ai Malam Haruna ne ya ɓoye sunayen don ya karkatar da irin. Ba shi kaɗai ke faɗa ba, don ba Yaya kaɗai aka koro ba, kuma maganar ta riga ta kai kunnen Manaja. Cikin kwana kaɗan gidan Yaya ya fara saukowa daga fushin da yake yi da ni. Uwargidan Yaya har ta aiko mini da daddawa.

Da na bar shi a nan, da yau babu wannan babin. Amma abin ya tsaya mini a rai, ba don tausayin Malam Haruna ba, ban ma san shi sosai ba. So nake in san ta ina suna ke bi ya fita daga cikin waya. Ranar Asabar na hau mota na tafi Malumfashi. Na same shi a bakin sito, dattijo ne mai furfura a gemu, duk ya faɗa. Na ce ya ba ni takardarsa in gani, ya miƙo ba musu. Na buɗe D. Ga Dauda, ga Dikko, ga Dogara. Babu Ɗanjuma ko ɗaya, babu Ɗan'asabe, babu Ɗahiru. A ƙasarmu a ce an tara manoma babu Ɗanjuma? Na koma K, ga Kabiru, ga Kado, babu Ƙasimu. Sai na koma farko ina bi a hankali, na ci karo da wani suna, Abdul'adir. Can ƙasa kuma ga Ba'o. Na daɗe ina kallon Ba'on nan. Waƙafina na nan, harafin da ke ƙarƙashinsa ne ya tafi.

"Malam, wannan ne shafin farko?"

"Shi ne. Sai dai wani na shirme da injin ya fara tofarwa kafin ya kama hanya. Ba sunaye ba ne, na cire shi."

"Yana ina?"

Ya yi ta dube-dube, daga ƙarshe ya ɗaga ƙafar tebur. Da shi ya tokare ta don ta daina rawa. Na warware takardar a kan gwiwata. Shafi guda cike, kowane layi ya fara da waƙafi: 'ahiru, 'anjuma, 'anladi, 'asimu. Injin bai san inda zai sa sunan da ba ya farawa da harafi ba, sai ya tara su gaba da A. Suna nan dukansu, an sare musu kai.

Ranar Litinin na shimfiɗa takardun biyu a gaban Malam Sule. Ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya ce in nuna masa yadda nake yin ƙugiyar. Na nuna masa. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Sai ya buga wani umarni da ke sa injin ya tona duk abin da ke ɓoye a cikin rubutu, sunan ya fito haka: D^H'anladi.

"Kin ga wannan na tsakiya? Shi ne mai kibiyarki. Injin ba ya ganin maɓalli, Malama, lamba yake ji. Mai kibiya yana aika takwas. DEL yana aika ɗari da ashirin da bakwai. Babban injinmu an yi masa tarbiyya cewa ɗari da ashirin da bakwai ne gogewa. In ya ji takwas sai ya ajiye ta kamar kowane harafi, in ya zo bugawa ya koma baya da ita."

"Ƙaramar fa?"

"Ita a gidansu takwas ce gogewa. Ta ji D, ta rubuta. Ta ji takwas, ta goge D. Ta ji waƙafi, ta rubuta."

"To wanne ne ke da gaskiya a cikinsu?"

"Kowanne, a gidansu. Masu ƙera su ne ba su taɓa zama sun shirya ba."

Ku yarda da ni, a wannan lokacin na manta da Yaya, na manta da masara. Tambaya nake ta jero masa. Me ya sa ɗari da ashirin da bakwai? Ya ce a zamanin da ake ajiye rubutu a kan zaren takarda mai huji, ba a iya toshe hujin da aka riga aka huda, sai dai a koma a huda duka bakwai ɗin, injin ya gane cewa wannan wurin an soke shi, kuma huji bakwai a lissafinsu shi ne wannan lambar. Takwas kuma tun asali ba gogewa ba ce, komawa baya ce kawai, kuma Turawa ma da ita suke ɗora wa haruffansu alama. Ashe abin da na yi shi ne ainihin aikin da aka yi maɓallin dominsa. Daga baya ne wasu suka mai da shi magogi, wasu suka ƙi. Ya ce ana iya gaya wa kowane inji wace lamba zai ɗauka a matsayin gogewa, layi ɗaya ne, da ya san akwai takwas a cikin sunayen da ya tace su kafin ya juye. Sai da na fito daga ɗakin sanyin nan, zafi ya buge ni, sa'an nan na tuna abin da wannan ke nufi a gidanmu.

Na gaya wa babanku da yamma, yana gyaran littattafan 'yan ajinsa. Ya saurara har na gama, ya rufe jan bironsa.

"Wa ya sani bayan ke da Sule?"

"Babu."

"To ki bar shi haka. Yaya ya huce. In kika je kika ce hannunki ne, ba zai ji takwas ba, ba zai ji bakwai ba. Hannunki kawai zai ji."

"Malam Haruna fa? Jibi za a zauna a kansa."

"Rifkatu, shekara nawa kina neman wurin zama a gidan nan?"

Gaskiya ya faɗa, kuma don ni ya faɗa. Na ji haushinsa duk da haka. Ban ce ni jaruma ba ce, na kwana biyu ina juya abin, har na ce a raina ai dattijon ma da laifinsa, wa ya ce ya yage shafi bai karanta ba. Abin da ya hana ni shiru shi ne gemun nan nasa da yadda ya miƙo mini takarda ba musu. Ranar zaman na shiga ofishin Manaja da shafin ƙafar tebur, Malam Sule na biye da ni. Aka wanke Malam Haruna. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, Malam Sule ma aka ba shi. Aka kafa doka cewa daga ranar babu ƙugiya a cikin injin ofis. Ni da kaina na zauna na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ina cire musu ita. Ɗahiru ya zama Dahiru, Baƙo ya zama Bako. Wannan ya fi takardar gargaɗin yi mini ciwo.

Ranar Lahadi na tafi ƙauye ni kaɗai. Na sami Yaya a gindin rumbu bayan an taso daga sujada, yana ɗaure ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na warware shafin, na nuna masa layinsa duk da na san ba ya karatu. Na yi masa bayanin injin da ke jin takwas da wanda ba ya ji. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Injin shi ya taɓa kanshi?"

"A'a, Yaya. Ni na danna."

"To mi kika zo gaya mani?"

"Na zo in gaya maka ba da gangan ba ne. So na yi sunanka ya fito daidai yadda ake kiransa."

Ya ci gaba da ɗaurin ƙotarsa. Da na ga ba zai ƙara ba, na tashi.

Ofis ya nemo iri daga baya, amma lokacin shuka ya wuce. Yaya ya zuba dawa a fadamar a makare, ba ta yi abin kirki ba. Kafin wata damina rumbunsa ya ga ƙasa, babban ɗansa Markus ya tafi cirani Kaduna, kuma kun san bai dawo noma ba har yau. Wannan ba zan ɗora wa inji ba. In 'ya'yan Yaya sun riƙe ni da shi, suna da hujja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce na yi don ramuwa. Shekaru muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa, daddawa ba ta sake zuwa ba, babanku kuma bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa.

Kwanan baya jikata Saratu, da ke aikin kwamfuta, tana zaune a falona tana tsaki, ta ce ta shiga wani injin ofishinsu daga nesa, duk lokacin da ta danna gogewa sai wata alama ta fito. Na leƙa. ^H ne, tsohon abokina. Na ce mata ta gaya wa injin can wace lamba ce gogewa. Ta juyo ta kalle ni kamar akuya ce ta yi magana. Ashe har yanzu ba su shirya ba.

Yaya ya yi jinyarsa ta ƙarshe a asibiti a Malumfashi. Na je duba shi da kunu a fulas, ina tsammanin gaisuwar da muka saba. Ya sa uwargidansa ta fita. Ya ce ya gaya wa Markus irin gicciyen da yake so a kan kabarinsa, na maɗaci, kuma kafinta zai bukaci a rubuta masa sunan a takarda ya kwafa.

"Ke za ki rubuta. Ba da injin nan naku ba, da tsohon."

"To, Yaya."

"Ki sa mashi abin nan naki a ka. Tunda na biya shi da masarar shekara guda, ai nawa ne."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan ya rasu na sauko da tafiretata daga saman kabad, na buga D, na koma baya, na buga waƙafin. Kafintan ya ɗauka datti ne a takardar, har ya kai yatsa zai kankare. Na tsaya a kansa a cikin rana sai da ya sassaƙa shi.

'Ya'yansa ba su san da wannan maganar ba, don babu kowa a ɗakin sai ni da shi, kuma ban ga amfanin in je ina shelar ta a wajen makoki ba. Ku ma ba na ce ku je ku yi musu da kowa ba. In kun je ƙauye Kirsimeti, ku bi ta bayan coci, kabari na uku daga gindin ɗorawa. Ku sunkuya ku duba saman harafin farko.